Yadda Ake Ɗauko Kuromosom Daga Dangin Alkama A Dasa Shi Cikin Alkama

Alkamar burodi tana da kuromosom 42, wato zaren da ke cikin sel masu ɗauke da ƙwayoyin gado. Jeri uku ne, ana kiransu A, B da D, kowane jeri na da kuromosom bakwai, kowanne kuma bibbiyu yake zuwa. Danginta, irin su hatsin rai, wato Secale cereale, da sha'ir, da ciyayin daji na zuriyar Aegilops da Thinopyrum, su ma a kan bakwai-bakwai aka gina nasu. Wannan kusanci shi ya ba da damar a ɗauko juriyar cuta daga ciyawar da ba mai shuka ta a kai wa alkama ta hanyar barbara kawai. Shigar da baƙon kuromosom ba shi ne mai wuya ba, a zuriya uku ko huɗu an gama. Inda aiki yake shi ne datse shi har ya rage ɗan guntun da ke ɗauke da halin da ake so, a kuma zaunar da guntun a gurbin da ya dace da shi. Wanda bai shirya wa wannan tun ranar farko ba, zai ƙare da alkama mai jure cuta wadda manomi ba zai shuka ba.

Zaɓen iyaye

Fara da gwada mai bayarwa, wato dangin alkamar da za a ɗauko juriyar daga gare shi. Ka shafa masa nau'o'in cutar da kake yaƙi da su, yana ƙarami da kuma bayan ya girma, ka riƙe tsiro guda da ya nuna juriya, ka yi aiki da shi kaɗai. Hatsin rai barbarar waje yake yi, don haka tsiro biyu daga buhu ɗaya ba lallai su ɗauki ƙwayar gado iri ɗaya ba.

Uwar barbara alkama ce, amma ba kowace ba. Yawancin irin alkama na zamani suna ɗauke da ƙwayoyin gado Kr1 da Kr2, waɗanda ke tsayar da baƙon bununi kafin ya kai ga ƙwai. Shi ya sa masu wannan aiki suka daɗe suna dogaro da Chinese Spring, tsohon iri daga ƙasar Sin wanda ba ya da wannan shinge, yana karɓar bununin hatsin rai ya cika fiye da rabin furanninsa, alhali wani irin da ƙyar zai ba ka ƙwaya biyu ko uku cikin ɗari. Chinese Spring ba irin noma ba ne, dogo ne, yana kwanciya. Amfaninsa shi ne yana karɓar baƙo, kuma kusan duk layukan gwaji da za ka buƙata daga baya a cikinsa aka yi su.

Sai lokacin fure. Ka shuka uwa da uba sau huɗu ko biyar, tazarar kwana bakwai zuwa goma, don wasu su haɗu. Idan ɗayansu irin hunturu ne, sai ya yi mako shida zuwa takwas a sanyin digiri 4 kafin ya yarda ya fitar da kai.

Barbarar farko

Zaɓi zangarniyar da ta fara leƙowa daga kubenta, jakunkunan bununinta suna kore shar. Cire ƙananan rassan fure na can ƙasa da na can sama, domin ba sa nuna lokaci ɗaya da na tsakiya. A kowane reshe da ya rage, zare furannin tsakiya da hantsaki, ka bar biyu na gefe. Datse kusan kashi ɗaya bisa uku na saman ƙaiƙayin da almakashi, sannan ka ciro jakunkunan bununi. Uku ne a kowane fure, ka ƙirga su suna fita. Guda ɗaya da ta saura za ta ba ka ƙwaya mai kyau ƙosasshiya wadda alkama ce zalla, kuma sai ka yi watanni kana rainonta kafin ka gane. Idan jaka ta fara rawaya ko ta fashe a hantsaki, yar da zangarniyar gaba ɗaya, ka goge hantsakin da etanol.

Rufe da jakar takarda, rubuta kwanan wata. Bayan kwana biyu zuwa huɗu gashin macen zai buɗe kamar gashin tsuntsu, lokacin barbara ke nan. Yanko zangarniyar uba wadda ta fara zubar da bununi, datse samanta, sa ta a rana na 'yan mintuna har jakunkunan su turo kai, ka karkaɗe ta cikin jakar uwar. Da safe ake yi. Washegari a maimaita. Idan dangantakar ta yi nisa, bayan kwana ɗaya ana ɗiga sinadarin haɓaka tsiro 2,4-D mai ƙarfin miligiram 100 a lita a kan furannin, ko sinadarin GA3 miligiram 75 a lita, don ƙwayar ta ci gaba da kumbura ko da abin da ke cikinta mai rauni ne.

Ceton ɗan tayi

A barbarar nesa, ƙwai kan ɗauka, amma tsokar ƙwayar da za ta ciyar da ɗan tayi takan lalace ta zama ruwa. In aka bari sai girbi, ƙaiƙayi za a samu. Saboda haka tsakanin kwana 14 zuwa 18 bayan barbara ake cire ƙwayoyin. A tsoma su a etanol mai kashi 70 na minti ɗaya, sai ruwan bilic mai kashi 1 zuwa 2 na minti goma zuwa sha biyar, a ɗauraye sau uku da ruwan da aka kashe ƙwayoyin cutarsa. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, a teburi mai tsabtatacciyar iska, a tsaga ƙwayar a ɗago ɗan tayin, wanda bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. A ɗora shi a kan haɗin abincin rainon tsiro da ake kira B5, ko MS mai rabin ƙarfi, da sukari giram 20 zuwa 30 da aga (garin da ke daskarar da abincin) giram 8 a lita, pH 5.8. A ajiye a duhu a digiri 20 zuwa 25 har ya tsiro, sannan a fitar da shi haske. In an yi sauri ɗan tayin bai ƙosa ba, sai ya yi tsiro marar siffa. In an makara ya riga ya mutu da yunwa. Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙa buɗe ƙwaya ɗaya ko biyu kullum daga kwana na 12 ana dubawa.

Da tsiron ya kama ƙasa, ƙirga kuromosom ɗinsa. Ruwa-biyun alkama da hatsin rai 28 zai nuna, 21 daga uwa, 7 daga uba. In ka ga 42, alkama ce ta barbari kanta. In ka ga 21, ƙwai ya ɗauka amma ya zubar da kuromosom ɗin uba a rabuwar sel ta farko-farko, abin da ke faruwa kullum idan aka barbari alkama da masara, yakan kuma faru da wasu dangin sha'ir.

Ƙirgar ba ta da wuya, haƙuri take so. Yanke kan saiwa mai tsawon santimita ɗaya zuwa biyu, sa shi a ruwan ƙanƙara awa 24 don kuromosom su gajarce su tsaya, mayar da shi cikin haɗin etanol kashi uku da asid asetik kashi ɗaya, rina da asetokamin, murƙushe a gilashi, duba a maikuroskof. Ka ƙirga sel uku ko fiye kafin ka rubuta adadi.

Ninka kuromosom

Ruwa-biyun nan ba ya ƙwaya. Kuromosom 28 ne, ba wanda ke da abokin haɗi, don haka a lokacin rabuwar da ke samar da ƙwai da bununi, wato mayosis, kowanne inda ya ga dama yake tafiya. Maganin shi ne kolcisin, wanda Blakeslee da Avery suka nuna aikinsa a 1937. Idan tsiro ya yi 'ya'yan gindi uku zuwa biyar, a tuge shi, a wanke saiwa, a rage ta zuwa santimita biyu ko uku, a nutsar da gindin cikin kolcisin mai kashi 0.05 zuwa 0.1 cikin ɗari haɗe da sinadarin DMSO kashi 2, na kimanin awa biyar, cikin haske, ana hura iska a ruwan. Sannan a wanke a ruwa mai gudu, a rage ganye, a dasa, a sa a inuwa mai laima na mako guda. Kolcisin guba ne ga mutum, ba a taɓa shi sai da safar hannu da tabarau, ruwan da ya saura kuma ba a zuba shi a magudana.

Wasu tsirran za su mutu, waɗanda suka rayu za su kumbura a gindi su yi jinkirin girma. Ba dukan tsiro ke ninkuwa ba, wani ɓangare ne kawai, saboda haka rufe kowace zangarniya ka nemi waɗanda jakunkunan bununinsu suka fashe. 'Yan ƙwayoyin da za ka samu suna da kuromosom 56. Irin wannan ne tiritikale, wato haɗin alkama da hatsin rai, na farko mai haihuwa da Rimpau ya samu a Jamus a 1888, nasa da kansa ya ninku.

Kafin ka ƙara taku ɗaya, gwada wannan tsiro da cutar. Akwai juriyar da ke aiki a ciyawar daji amma ta mutu da ta shigo cikin alkama, domin alkama na da ƙwayoyin gado masu danne ta. Gara a gane haka yanzu da bayan shekara biyar.

Ware kuromosom guda

Barbari mai 56 da alkama. 'Ya'yan suna da 49: cikakkun 42 na alkama da baƙi bakwai, kowanne shi kaɗai. Sake barbarar waɗannan da alkama, amma mai 49 ya zama uwa. Dalili kuwa, bununin da ke ɗauke da ƙarin kuromosom ba ya iya tsere da bununi lafiyayye, ƙwai kuwa ba ya tsere da kowa. Kuromosom marar abokin haɗi yakan makara a tsakiyar sel ya ɓace, kusan ƙwai ɗaya cikin huɗu ne ke ɗaukarsa. In ka lissafa a kan haka, tsiron da ya ɗauki kuromosom ɗin da kake nema shi kaɗai, ba tare da sauran shidan ba, bai wuce huɗu ko biyar cikin ɗari ba. To ka nemi ƙwaya 70 zuwa 100 aƙalla. Gwada su da cutar, ka ƙirga masu juriyar kawai, ka riƙe masu 43.

Bar mai 43 ya barbari kansa. 'Yan ƙalilan cikin ɗari za su fito da 44, wato baƙon ya zama biyu. Wannan shi ne layin ƙari. O'Mara ya shimfiɗa hanyar a 1940 da hatsin rai, wani masani mai suna Islam da abokan aikinsa kuma suka samar da irin waɗannan layuka da sha'ir a Ostireliya a 1981. Layin ƙari ba iri ba ne, ma'aji ne, kuma yana zubar da baƙon a hankali, sai an riƙa ƙirga kowace zuriya.

Akwai tarko a nan ga mai aiki da wasu Aegilops, musamman Aegilops sharonensis. Ɗaya daga kuromosom ɗinsu yana kashe duk ƙwai da bununin da bai ɗauke shi ba. Sai ka tara layukan ƙari goma kana murna, ashe duk kuromosom ɗaya ne. Alamomin DNA na kowace lamba daga 1 zuwa 7 su ke tona wannan.

Sanin lambar baƙon wajibi ne, domin ita ke faɗa maka gurbinsa. Kuromosom 1R na hatsin rai takwaran 1A, 1B da 1D ne, yana ɗauke da kusan ƙwayoyin gado iri ɗaya a jere iri ɗaya, don haka zai iya rufe gurbin ɗayansu. In ya zauna a gurbin 3B, alkama ta rasa abin da ke kan 3B, ta kuma sami ninkin abin da ba ta buƙata. A lura, 1R ne kaɗai a hatsin rai ya dace da takwarorinsa daga kai har ƙafa, sauran sun yi musayar gutsattsari tsakaninsu tun da daɗewa, sai an bi su da alamomi hannu-hannu, domin kowane kuromosom hannu biyu gare shi, dogo da gajere, da suka haɗu a wani matsattsen wuri da ake kira ƙugu.

Musayar hannu guda

E. R. Sears, a Mizuri ta Amurka, ya kammala a 1954 jerin layukan Chinese Spring 21, kowanne ya rasa kuromosom ɗaya, yana da 41. Ɗauki layin da ya rasa takwaran baƙonka, a ce 1B, ya zama uwa, ka barbare shi da layin ƙari mai 44. Kusan uku cikin huɗu na ƙwayayen uwar ba su da 1B, don haka yawancin 'ya'yan za su nuna 42, a ciki akwai 1B ɗaya da 1R ɗaya, kowanne ba abokin haɗi. Masu 43 a yar. A mayosis, irin waɗannan gwagwaren kuromosom sukan karye a ƙugu, hannu dogo da hannu gajere su rabu, wani lokaci karyayyen hannun alkama ya manne da karyayyen hannun baƙo. Cikin 'ya'ya ɗari biyu ko uku za ka samu 'yan kaɗan masu wannan haɗi. Waɗanda ake so su ne dogon hannun alkama da gajeren na baƙo, ko akasin haka. Dogo da dogo, ko gajere da gajere, ba su rufe gurbi ba.

Haɗin 1BL.1RS, wato dogon hannun 1B da gajeren hannun 1R, irin wannan ne. Ya fito daga hatsin rai Petkus na Jamus, ya bi ta irin Kavkaz na Rasha ya shiga layukan Veery na cibiyar CIMMYT da ke Meziko, daga nan ya bazu a ɗaruruwan iri. Ya zo da ƙwayoyin juriyar cuta Lr26, Sr31, Yr9 da Pm8 a dunƙule. Ya kuma zo da Sec-1, mai sa kwaɓin fulawa danƙo, sannan alkama ta rasa wasu furotin na ƙarfin kwaɓi da ke kan hannun da aka cire. Haka Lr19 daga Thinopyrum ponticum ya zo da abin da ke sa gari rawaya, Sr26 kuma da ragin amfanin gona a layukan farko.

Mutane da yawa suna zaton maimaita barbara da iri mai kyau zai wanke wannan. Zai wanke sauran kuromosom, bayan sau uku kusan kashi 94 cikin ɗari sun koma na irin mai kyau. Amma baƙon hannun ko sau ashirin aka yi yana nan cur, domin ba ya haɗuwa da takwaransa balle su yi musaya.

Datse guntun

Abin da ke hana haɗuwar ƙwayar gado ce guda, Ph1, a dogon hannun 5B. Riley da Chapman a Ingila, da Sears da Okamoto a Amurka, suka bayyana ta a 1958. Aikinta shi ne tabbatar da cewa 1A da 1A kawai yake musaya, ba da 1B ko 1D ba. Ita ke riƙe da haihuwar alkama, ita ce kuma ke tsare baƙo. A 1977 Sears ya samar da layin ph1b, wanda aka goge masa wannan wuri.

Barbari layinka mai baƙon hannu da ph1b. Sake barbarar 'ya'yan da ph1b. Ɗaya cikin huɗu na jikokin ba su da Ph1 sam, kuma suna ɗauke da baƙon hannu ɗaya da takwaransa na alkama ɗaya. Su ake nema. Alamar ph1b rashin fitowar layi ce a gwajin DNA na PCR, don haka sai ka haɗa wata alama mai fitowa ko yaushe a bututu ɗaya, in ba haka ba gwajin da ya lalace zai yi maka kama da abin da kake nema. Waɗannan tsirrai ka barbare su nan take da alkama mai Ph1. Kada ka bar layi ya yi zuriya da yawa babu Ph1, kuromosom ɗin alkamar kansu za su fara cakuɗewa, haihuwa ta ragu.

Yanzu sai tankaɗe. Sa alama ɗaya kusa da ƙugu, ɗaya a ƙarshen hannu, wasu a tsakani. Tsiron da ke da ɗaya ba ya da ɗaya shi ne ya yi musaya. Yawansu ya danganta da kusanci: da hatsin rai bai kai ɗaya cikin ɗari ba, da Aegilops na kusa ya fi haka nesa. Lissafin shi ne, don ka sami tabbacin kashi 95 na ganin guda ɗaya, raba 3 da yawan faruwar abin. In biyar ne cikin dubu, tsiro 600 ke nan, kuma guda ɗaya ba ya isa, domin inda aka karye shi ne magana. Dubbai ake dubawa. Musaya ta fi yawa a ƙarshen hannu, ƙwayar gadon da ke kusa da ƙugu tana iya cin ninkin wannan adadi. Duk wanda alama ta nuna, a tabbatar da shi da rinin GISH, wanda ke haska baƙon DNA da launi dabam a kan gilashi, a ga tsawon guntun da ido.

Mataki na ƙarshe dabarar Sears ce, kuma ita ce mafi kyau a duk aikin. Zaɓi tsirrai biyu masu juriya. A na farko, baƙo ya taso daga ƙugu ya tsaya jim kaɗan bayan ƙwayar juriyar, sauran alkama ne. A na biyu, baƙo ya taso daga ƙarshen hannu ya tsaya jim kaɗan bayan ya wuce ta. Barbare su da juna, Ph1 na nan. Wurin da baƙon biyu suka haɗu kawai ne ke iya musaya cikin sauƙi, kuma musaya a nan tana ba da kuromosom mai alkama ta ciki, alkama ta waje, ɗan guntun baƙo a tsakiya. Da wannan hanya Lukaszewski ya raba juriyar 1RS da Sec-1, ya wallafa a 2000.

In baƙon ya ƙi haɗuwa ko babu Ph1, saura karyawa da haske. Da hasken X Sears ya ɗauko Lr9 daga Aegilops umbellulata a 1956. Yau da hasken gama ake yi, kimanin Gy (ma'aunin yawan hasken) 10 zuwa 20 ga zangarniya mai shirin zubar da bununi, 150 zuwa 250 ga busasshiyar ƙwaya. Aibinsa shi ne guntun kan manne ko'ina, yawanci ba a gurbinsa ba. Ana rage wannan ta haska uba a yi barbara da bununinsa, domin bununin da ya rasa wani abu mai muhimmanci ba ya cin tsere.

Mayar da shi cikin irin noma

Guntun da aka samu yana cikin Chinese Spring ko garwaye. A barbare shi da irin da ake nomawa sau uku zuwa biyar, ana bin sa da alama. In ganyen 'ya'yan farko ya fara bushewa daga baki har tsiron ya mutu, ba cuta ba ce, ƙwayar gado Ne1 ta ɗaya daga iyayen ce ta gamu da Ne2 ta ɗayan, sai a canja iri. Ɗakin raino mai hasken awa 22 a rana yana iya ba da zuriya biyar ko shida a shekara a wannan mataki, ko da yake layukan da ba su daidaita ba sun fi son a bi su a hankali.

Gwajin gona a yi shi da 'yan'uwa biyu daga tsiro ɗaya, ɗaya da guntun, ɗaya babu, a wurare da yawa, shekara biyu ko uku. A raba filin biyu, rabi a fesa maganin cuta. Inda aka fesa shi ke nuna ko guntun na cin amfanin gona, domin inda cuta take juriyar na ɓoye asarar. A niƙa, a duba launin gari da ƙarfin kwaɓi. A ƙirga kuma yadda guntun ke wucewa ta bununi, in ya gaza rabi sosai, akwai abin da alkama ta rasa a wurin.

Kada a saki sabuwar ƙwayar juriya ita kaɗai. Sr31 ta tsare alkama daga tsatsar kara shekaru kusan talatin, sai nau'in Ug99 da aka gano a Yuganda a 1998 ya karya ta. Tun a barbarar ƙarshe a haɗa guntun da wata ƙwayar juriya ɗaya ko biyu da ke kan wasu kuromosom, a ajiye kuma layin ƙari na asali a ma'ajin iri mai sanyi, da ƙirgarsa da alamominsa a rubuce, domin sauran hannun da aka datse yana iya ɗauke da abin da za a nema daga baya.